Kujerar Makka ta Inna, alhali takardun lamunin gidana suna banki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Kaduna, shekarata 40, albashina bayan haraji da fansho naira 300,000 ne a wata. Wata huɗu ke nan da na miƙa takardun neman lamunin gida na asusun gidaje na ƙasa, NHF, ta hannun wani bankin lamunin gidaje. Gidan yana Rigacikun, miliyan 15. Sun ce in kawo kashi 10 cikin ɗari, su ba da miliyan 13.5 a biya cikin shekara 20. Ina da miliyan 10 a asusuna, shida daga ciki rabona ne na gonar mahaifinmu da aka sayar. Ina so in biya wa Innarmu kujerar Makka, wadda za ta ci kusan miliyan takwas da rabi, ragowar miliyan ɗaya da rabi in ba banki. Akwai kuma sauran bashin ƙungiyar gama kai ta ofishinmu, naira 600,000, ana cire mini 40,000 duk wata. Biyan kuɗin kujerar zai taɓa lamunin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka maka da alheri a kan niyyar da ka yi wa Inna, ya kuma jiƙan mahaifinku. Zai taɓa lamunin, kuma yadda ka tsara lissafin nan yana iya kashe shi gaba ɗaya. Sai dai a cikin tambayarka akwai wani biyan da ya kamata ka yi tun cikin makon nan, shi ne wanda ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. Zan zo kansa.

Na yi shekaru a teburin tantance masu neman lamunin gida, kuma abin da mutane suka fi kasa ganewa shi ne, ba sau ɗaya banki ke duba mutum ba. Ranar da ka kai takardar shige da ficen asusunka da takardun albashi, hotonka aka ɗauka: ga mai albashi kaza, ga ajiya kaza, ga bashi kaza. A kan wannan hoton aka rubuta rahoton da ya tafi gaban kwamitin bashi. To lamunin NHF kuma hannu biyu yake bi. Bankin da ka je shi ne mai haɗa takardu, ya tura wa Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, wanda ke riƙe da asusun da dokar 1992 ta kafa. FMBN ya ba bankin naka kuɗin a kan ruwan kashi 4, shi kuma ya ba ka a kan kashi 6 a shekara. Tsakanin hannu na farko da na biyu watanni ne ke wucewa, wani lokaci har shekara ta zagayo. Kafin kuɗi su fito takardunka sun tsufa, sai a kira ka a ce kawo sabuwar takardar asusu da takardun albashi na watannin baya-bayan nan. A nan ne ma'aikacin zai ajiye tsohuwar da sabuwar gefe da gefe, ya ga miliyan 10 ta koma ɗaya da rabi. Ko an riga an ba ka takardar tayi, ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasanta: kusan kullum akwai sharaɗin da ya ba banki damar janyewa idan halin kuɗin mai nema ya canza kafin a saki kuɗi. Amincewa daban, sakin kuɗi daban. Har sai ranar da mai gidan ya ji alat, kana ƙarƙashin dubawa.

Kada ka ɗauka banki na da ja a kan aikin Hajji. Ba ruwansa da inda kuɗin suka tafi, matuƙar hanyar halal ce kuma akwai rasit. Abin da yake tambaya shi ne: bayan sun tafi, wannan mutumin zai iya ƙarasa cinikin?

A nan lissafinka ya yi wa rogo kallon kitse. Miliyan ɗaya da rabi kason da za ka zuba ne a kuɗin gidan kawai, ba shi ne ƙarshen abin da zai fita daga aljihunka ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, sashe na 22, ta ce ba a sayar da fili mai takardar shaidar mallaka ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna. A Kaduna wannan aikin ta hukumar kula da takardun filaye ta jiha, KADGIS, yake bi. Kai kuwa abu biyu za a yi maka: a mayar da mallakar daga sunan mai gidan zuwa sunanka, sannan a yi rajistar jinginar da sunan banki. Kowanne da kuɗinsa. Akwai kuɗin binciken takardu, akwai harajin kan sarki, akwai kuɗin rajista, idan mai gidan ya tara kuɗin harajin fili na shekaru bai biya ba sai an share shi kafin fayil ya motsa, kuma galibi mai saye ne ke ƙarewa da biya don ya fi kowa gaggawa. Ga lauya, ga mai ƙiyasta darajar gida, ga inshorar gobara da ta rai da ake biya tun shekarar farko, ga kuɗin aikin banki, ga la'adar dillali. Ni dai shawarar da na saba bayarwa ita ce mutum ya ware wani kashi 10 na kuɗin gidan saboda waɗannan, in ya yi saura ya sayi fenti da labule. A naka, wata miliyan ɗaya da rabi ke nan.

Akwai kuma ramin da ba a cika gani ba. Banki ba ya ba da lamuni a kan farashin da kuka yi da mai gida, a kan wanda ya fi ƙanƙanta yake bayarwa tsakanin farashinku da ƙiyasin da masaninsa ya yi. A ce ya je Rigacikun ya zagaya gidan, ya dubi rufin kwano da hanyar da ke cika da ruwa da damina, ya rubuta miliyan 14. Kashi 90 na wannan miliyan 12.6 ne. Mai gida kuwa 15 ɗinsa yake jira. Kasonka ya tashi daga ɗaya da rabi ya koma miliyan 2.4 a wuni guda. Na ga ciniki da yawa sun watse a daidai wannan gaɓar, ba don banki ya ƙi ba, sai don mai saye ya riga ya kashe abin da zai cike giɓin.

Yanzu bashin ƙungiyar gama kai. Ma'aunin da ake amfani da shi a lamunin NHF shi ne, abin da za a riƙa cira duk wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu. Kashi ɗaya cikin uku na 300,000 shi ne 100,000. Miliyan 13.5 a kan kashi 6 cikin shekara 20 tana cin kusan 97,000 duk wata. Ka ga da ƙyar ka shiga, saura dubu uku kacal tsakaninka da bango. To amma ana riga ana cire maka 40,000. Mai tantancewa da ya san aikinsa zai haɗa su, ya ce sararin da ya rage maka 60,000 ne, kuma 60,000 a wata cikin shekara 20 ba ta ɗaukar fiye da miliyan 8.4. Wato bashin dubu ɗari shida yana neman cinye maka lamunin miliyan biyar. Ba za ka iya tsawaita shekarun ka rage nauyin ba, don duk da ƙa'idar asusun ta yarda har shekara 30, ba a wuce lokacin ritayar mutum, kai kuwa 60 za ka cika daidai ranar da shekara 20 ɗin ta ƙare. In ma shekara 35 na aiki za su riga cika, wa'adin ya ƙara gajarta. Mamaki ma nake da ba su tayar maka da wannan maganar ba tun farko. Wataƙila fayil ɗin bai kai teburin da ake wannan lissafin ba tukuna.

Saboda haka wannan biyan, yi shi. Amma da tsari. Ka tura kuɗin daga asusunka na albashi kai tsaye zuwa asusun ƙungiyar, ba asusun ma'ajinta ba komai amincinku, ka rubuta dalilin turawar a wurin da aka tanada. Ka karɓi wasiƙa mai hatimi da ke cewa ba a bin ka ko kwabo. Sannan ka bi ta ofishin albashi ka tabbatar an tsayar da cirar, don ba abin mamaki ba ne a ci gaba da cira wata ɗaya ko biyu bayan an biya, kuma banki takardar albashi yake yarda da ita, ba bakinka ba. Bashin ƙungiya sau da yawa ba ya fitowa a rahoton kamfanonin adana tarihin bashi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, a takardar albashi yake bayyana. Bashin banki da na manhajojin waya masu rajista su ne ke fitowa a can, ta lambar BVN ɗinka. Idan kana da wani tsohon bashi irin wannan da ka manta, ko na dubu ashirin ne, nemi rahotonka da kanka ka share shi kafin su gano maka. Tun watan Agusta na 2020 akwai tsarin Babban Bankin Najeriya da ya ba banki damar kwasar bashin da aka ƙi biya daga duk wani asusu da ke haɗe da BVN ɗin mai bashin, don haka ajiyar da kake taƙama da ita ma ba ta tsira ba.

Miliyan shidan gadon ma tana buƙatar takarda. Babban kuɗi da ya shigo asusun mai albashi lokaci guda yana tayar da tambaya kamar yadda wanda ya fita ke tayarwa, don banki na tsoron kada ya zama aro ne aka yi don a ƙawata asusu. Ka ajiye kwafin yarjejeniyar sayar da gonar da takardar rabon gadon, ta kotun shari'a ce ko wadda malami ya rubuta magada da shaidu suka sa hannu. In kuma a cikin shidan nan akwai tumunin Inna ko rabon wata ƙanwa da aka ba ka ajiya, to ba naka ba ne, kada ka bari banki ya ƙirga shi a matsayin naka. Fitar da shi da rubutu ka sanar da su.

Abu ɗaya da nake roƙonka: kada ka taɓa yin wannan harka da tsabar kuɗi. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan biyar sai ta hanyar banki, kuma bankuna na kai rahoton hada-hadar da ta wuce wannan adadin ga hukumar tattara bayanan sirri kan harkokin kuɗi, NFIU. Rahoton ba laifi ba ne, aikinsu ne na kullum, mai gaskiya ba abin da zai same shi. Laifin shi ne a tsinka kuɗin gida-gida don a kauce wa rahoton, dokar ta ambaci wannan da kansa. Wasu sai su ce bari in riƙa cira kaɗan-kaɗan wurin mai POS kada banki ya lura. Wallahi wannan ya fi komai muni a takarda: layi talatin na dubu ɗari-ɗari ba bayani. Tiransifa guda mai suna da rasit ta fi sauƙin karewa sau goma.

To mu sake lissafin. Miliyan 10, cire 600,000 na ƙungiya. Cire miliyan ɗaya da rabi na kasonka, da wata ɗaya da rabi ta takardu. Ajiye 900,000 saboda giɓin ƙiyasi, da 300,000 na biyan wata uku saboda ranar da albashi ya makara. Abin da ya rage miliyan 5.2 ne. Wannan shi ne kuɗin da za ka iya motsawa ba tare da ka girgiza fayil ɗinka ba, in ka sanar da banki tukuna. Bai kai kujera ba. A Hajjin 2025 kujerar maniyyatan Arewa ta haura miliyan takwas, kuma farashin yana bin canjin dala ne, ba wanda zai ba ka tabbacin na baɗi.

Hanyoyin cike giɓin suna nan, ba dole sai daga asusunka kai kaɗai ba. Hukumar jin daɗin alhazai ta jiha kan karɓi kafin alƙalami a ƙarasa daga baya, sai dai ka tambayi ranar rufewa da kyau, don in ba a cika ba kafin wa'adi kujera na iya kuɓucewa. Akwai tsarin adashin gata na Hajji da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ƙaddamar da bankin Jaiz a 2020, inda za ka buɗe wa Inna da sunanta ka zuba abin da ya sawwaƙa, ana ƙarawa a hankali. Akwai 'yan'uwanka da su ma suka karɓi rabonsu na gonar. Inna ta kowa ce, kuma na san yadda babban ɗa kan so ya ɗauke nauyin shi kaɗai don a ce shi ya kai ta, amma ladan ba ya raguwa don an yi tarayya. Sai kuma wata ƙofa da ma'aikata da yawa ba su sani ba: dokar fansho ta 2014 ta yarda a yi amfani da wani ɓangare na asusun ritaya a biya kason lamunin gida, kuma a Satumbar 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta fitar da ƙa'idojin, har zuwa kashi 25 na abin da ke asusun, ga wanda ya yi wata 60 ana zuba masa kuma yana da sauran fiye da shekara uku kafin ritaya. Kuɗin ba hannunka suke zuwa ba, bankin lamunin ake tura wa. In ka cancanta, kuma kashi 25 ɗin ya kai kason naka, miliyan ɗaya da rabi ta kuɓuta ke nan. Ni ba na murna da taɓa kuɗin tsufa, amma gida aka saya da su, ba biki aka yi ba.

Abin da ba za ka yi ba ko da wasa shi ne cin sabon bashi don cike kujerar, ko tsaya wa wani a nasa bashin a wannan tsakanin. Na tuna wani bawan Allah da fayil ɗinsa ya kammala, saura a saki kuɗi. Bikin ƙanwarsa ya taso, kayan ɗaki suka gagara, ya karɓi bashin albashi a wani banki cikin minti goma ta waya, yana ganin wa zai sani. Da aka sake neman rahotonsa kafin sakin kuɗin, sai ga shi ɓaro-ɓaro. Da ya zo ya faɗa mana tun farko, da an zauna an rage adadin lamunin ko an jira ya biya. Da yake ganowa aka yi, kwamiti ya daina maganar lissafi ya koma maganar amana, kuma ba wanda ya iya tsaya masa. Mai gidan ya gaji da jira ya sayar wa wani.

Haka nan kada ka ba mai gidan wani babban kuɗi a bayan banki. Dillali zai zo ya ce ga wani Alhaji daga Abuja ya taya, in ba ka ajiye miliyan uku ba gida ya tafi. Tsohuwar waƙa ce. Kafin sakamakon binciken KADGIS ya fito, kafin a ga amincewar hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, a kan zanen ginin, duk abin da ka ba shi kana iya bin sa shekaru a kotu. In dole sai an ajiye wani abu, a yi shi ta hannun lauya da rubutaccen sharaɗin cewa za a dawo maka da shi in banki bai amince ba, kuma bankin ya san da shi don a ƙirga shi cikin kasonka.

Na san akwai masu karatu da za su ce ai tun farko lamunin mai ruwa ne. Wannan hukuncin na malamai ne, ba nawa ba, kuma ya kamata ka zauna da malaminka a kai, har da tambayar ko Hajji ya wajaba a kan Inna in ba ita ke da halin ba. Abin da zan ƙara ta fannina shi ne, ko ka koma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya buɗe reshe a Kaduna tun farawarsa a 2012, ko TAJBank, ko Lotus, inda ake sayen gidan a sayar maka da riba sananniya ko a ba ka haya har ka mallaka, tantancewar iri ɗaya ce. Za su dubi albashi, su dubi ajiya, su dubi bashi, su sake dubawa kafin su biya.

Ban san shekarun Inna ba, ban san ƙarfin jikinta ba, kai ka sani. In ta manyanta har kana tsoron jiran wata shekara, to ba ni da bakin da zan ce maka gida ya fi. Gidaje ba za su ƙare a Rigacikun ba, kashi biyu da rabin da ake cire maka na NHF yana nan da sunanka, kana iya sake nema. Amma in wannan ka zaɓa, ka zaɓe shi ido buɗe: ka je ka ce wa bankin a dakatar da fayil ɗin, ko a nemo gidan da bai kai wannan kuɗi ba, ka kuma gaya wa mai gidan gaskiya kada ka riƙe shi a banza. Kuɗin da ka riga ka biya na fom da ƙiyasi ka ɗauka sun tafi.

Ko wanne ka zaɓa, kafin kwabo ya fita daga asusun nan ka rubuta wa ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗinka wasiƙa ko imel, ba kiran waya ba, don ma'aikata na canza reshe su bar ka da wanda bai san an yi ba. Layi biyar sun isa: ina shirin biyan bashin ƙungiya naira 600,000 ranar kaza, ina kuma shirin tura naira kaza zuwa hukumar alhazai da sunan mahaifiyata, bayan haka kaza zai rage a asusuna. Ka tambaye su jimillar duk kuɗin da za su nema daga gare ka har zuwa ranar karɓar makulli, a rubuce, da mafi ƙarancin ajiyar da suke so su gani, da kuma ko rahoton ƙiyasin gidan ya fito da nawa ya ce. In suna da asusun da ake zuba kason mai saye, zuba naka da kuɗin takardu tun yanzu ka karɓi shaida, ka ga ka raba su da sauran. Ka kai kwafi biyu, su buga hatimin karɓa a ɗaya ka dawo da shi gida, ka ajiye shi tare da wasiƙar ƙungiyar da takardar gadon.